Gani Ya Kori Ji: Tarihin Binciken Tsoka da Ɗakunan Gwaji na Dutse

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mahauta a kasuwar Shuwarin, ko ya riƙe ƙafar rago ana fiɗa ranar layya, ya ga wani abu da masana suka shafe ƙarnoni suna neman bayaninsa. Dabba ta mutu, an raba cinya da gangar jiki, amma tsoka tana ta rawa a kan tire kamar mai jiran umarni. Bayan 'yan sa'o'i sai ta sandare ta yi tauri, idan kuma aka ajiye ta a wuri mai sanyi ta kwana biyu sai ta sake yin laushi. Mahauci ya san wannan da hannunsa, uwargida ta san shi a tukunya. Abin da ya yi wuya shi ne dalili: mene ne yake ja a cikin tsoka, da me yake ja, kuma me ya sa yake ƙin saki bayan rai ya fita?

A yau ɗalibin sashen nazarin halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutse zai sami amsar a zane guda a kan allo, ya kwafa cikin minti goma, ya haddace domin jarrabawa. Zanen daidai ne. Sai dai tarihin yadda aka kai gare shi yana ɗauke da gargaɗi ga duk makarantar da ke koyar da kimiyya, domin a tsakiyarsa akwai kusan rabin ƙarni da manyan masana suka yi suna koyar da kuskure, saboda sun daina leƙa madubi sun koma dogaro da abin da aka rubuta.

Ɗan kasuwar yadi, kwaɗo da ruwan famfo

Antonie van Leeuwenhoek ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ya ƙware wajen haɗa ƙananan gilasai masu ƙara girman abu. A wajen 1682 ya ba da labarin cewa zaren nama, idan aka duba shi a wannan madubi, yana da ratsi-ratsi a gicciye, duhu da haske suna bin juna kamar saƙi. Mai sayar da yadi ne, ba mamaki ratsi ya fara ɗaukar idonsa. Bayan fiye da shekara 100, a 1791, Luigi Galvani na Jami'ar Bologna a Italiya ya wallafa gwajinsa a kan ƙafafun kwaɗi, inda ya nuna cewa wutar lantarki tana sa tsokar mataccen kwaɗo ta harba. Tun daga nan kwaɗo ya zama abokin aikin masu binciken tsoka, saboda yana da araha kuma namansa yana daɗewa yana aiki bayan an cire shi.

Labarin da ya fi dacewa a riƙa ba ɗaliban gwaji shi ne na Sydney Ringer, likita kuma malami a Landan. Yana so ya gano irin ruwan gishirin da zai sa zuciyar kwaɗo ta ci gaba da bugawa a wajen jiki. A 1882 ya buga sakamakon da ya nuna ya dace, zuciyar tana bugawa sa'o'i. Daga baya ya gano cewa mataimakinsa ba da tsantsar ruwan da aka tace ta tururi yake haɗa gishirin ba, da ruwan famfo na kamfanin New River yake haɗawa. Da aka sake gwajin da tsantsar ruwa, sai zuciyar ta tsaya cikin ɗan lokaci. Wani malamin da ya tsawata wa yaron ya rufe maganar. Ringer ya bi diddigin abin da ke cikin ruwan famfon, ya tarar da kalsiyam, ya kuma wallafa gyaran a 1883. Ta haka duniya ta fara sanin cewa tsokar zuciya ba ta iya matsewa in babu kalsiyam. Ledar ƙarin ruwan da ake rataya wa majinyata a asibitocin Dutse, Birnin Kudu da Jahun, wadda aka rubuta sunan Ringer a jikinta, jikar wancan ruwan famfo ce.

Kafin a ci gaba, yana da kyau a san fasalin abin da ake magana a kai. Tsokar da ke motsa ƙashi tarin zare ce, kuma kowane zare ƙwayar halitta ce guda, mai kaurin da bai wuce na gashin kai ba, amma tsawonta kan kai santimita da yawa. A cikin kowane zare akwai ɗaruruwan ƙananan zaruruwa, kowanne an yi shi gaɓa-gaɓa kamar rake. Gaɓoɓin ƙanana ne ƙwarai, kimanin 400 ne za su cika milimita ɗaya. A tsakiyar kowace gaɓa akwai ratsin duhu, a gefe biyu kuma ratsin haske. Su ne Leeuwenhoek ya gani.

Masu duba madubi na ƙarni na 19, musamman a Jamus, sun lura da wani abu mai muhimmanci: idan aka miƙe tsoka ko ta ɗan matse, ratsin haske ne yake ƙaruwa ko ya ragu, ratsin duhu kuwa tsawonsa yana nan yadda yake. Da an riƙe wannan lura, da an kusa isa ga amsa tun kafin 1900. Amma a farkon ƙarni na 20 hankali ya koma kan ilimin sinadarai. Aka ce ai tsokar hanji da ta mahaifa ba su da ratsi kuma suna matsewa, saboda haka ratsi ado ne kawai. Aka yarda cewa akwai wasu dogayen sarƙoƙin furotin da ke nannaɗewa su gajarce, kuma sinadarin tsami na laktik shi ke sa su. Otto Meyerhof, wanda ya raba kyautar Nobel ta 1922 da A. V. Hill, a kan wannan sinadari ya yi aikinsa. Littattafan koyarwa suka juya abin da magabata suka gani da ido, suka riƙa cewa ratsin duhu ne yake gajarcewa. A 1930 Einar Lundsgaard na Kofanhegan ya nuna cewa tsokar da aka hana ta yin laktik tana ci gaba da matsewa, wannan gini ya fara tsagewa. Batun ratsi kuwa ya ci gaba da zama a birkice har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Andrew Huxley, wanda za mu haɗu da shi nan gaba, ya yi rubutu mai tsawo a ƙarshen aikinsa yana mamakin yadda aka manta da abin da kowa zai iya gani da madubi mai sauƙi.

Masana sinadaran ba su tafi a banza ba. Tun 1864 Wilhelm Kühne ya raɗa wa babban furotin ɗin tsoka suna mayosin. A 1939, a Masko, Vladimir Engelhardt da matarsa Militsa Lyubimova suka nuna cewa mayosin yana fasa ATP, sinadarin da ƙwayoyin halitta ke ajiye kuzari a cikinsa. A 1942, ana tsakiyar yaƙi, a garin Szeged na Hangari, Brunó Straub da ke aiki ƙarƙashin Albert Szent-Györgyi ya ware furotin na biyu, aktin. Szent-Györgyi ya haɗa furotin biyun ya yi zare da su, ya ɗiga masa ATP, zaren ya tsuke a gabansa. Bayan ya koma Amurka, a 1949, ya fito da wata dabara da har yau ɗakunan gwajin jami'o'i ke cin moriyarta: a yanko siririyar tsokar bayan zomo, a jiƙa ta a gilisarin da aka surka da ruwa rabi da rabi, a ajiye a cikin ƙanƙara. Gilisarin zai lalata tantanin ƙwayar halittar ya wanke abin da ke narke a ciki, ya bar injin jan kawai. Irin wannan nama yakan yi watanni a ajiye, duk ranar da aka ɗiga masa ATP kuma sai ya matse.

Jean Hanson

An haifi Jean Hanson a 1919 a Newhall, wani ƙaramin gari a gundumar Derbyshire ta Ingila. Ta karanta ilimin dabbobi a Kwalejin Bedford ta Jami'ar Landan, kwalejin mata, ta gama a 1941. Daga 1944 zuwa 1948 aikinta a kwalejin shi ne mai nuna wa ɗalibai gwaji, wato wadda ke zagayawa tsakanin tebura tana gyara musu madubi, tana nuna musu yadda ake fiɗar dabba da yadda ake zana abin da aka gani. Matsayi ne na ƙasa a tsanin jami'a. Bincikenta na lokacin a kan jijiyoyin jinin tsutsotsin teku ne, abin da ba mai jan hankalin kowa ba. Amma waɗannan shekaru sun ba ta ido da hannu.

A 1948 John Randall ya ɗauke ta aiki a sabon sashen da ya kafa a Kwalejin King's ta Landan domin haɗa ilimin fiziks da nazarin halittu, sashen da Maurice Wilkins da Rosalind Franklin suka yi aikinsu a kan DNA. Hanson ta zaɓi tsoka. Makaminta shi ne sabon nau'in madubin da Frits Zernike na Holan ya ƙirƙira, wanda ke nuna abu ɗanye ba sai an kashe shi an rina ba. Ta koyi ware ƙaramin zare guda ta kalle shi yana matsewa. A 1953 ta tafi cibiyar MIT a Amurka domin koyon aiki da madubi mai amfani da ilektiron, a can ta haɗu da Hugh Huxley, matashin masanin fiziks daga Kambirij wanda ya riga ya sami alamun cewa zare iri biyu ne a cikin tsoka, mai kauri da siriri.

Gwajin da suka yi tare yana da sauƙin fahimta, shi ya sa yake da ƙarfi. Suka ɗauki zaren tsokar zomo irin na Szent-Györgyi, suka sa a ƙarƙashin madubi, suka zuba masa ruwan gishirin da aka san yana narkar da mayosin kaɗai. Ratsin duhu ya ɓace a gaban idonsu, sauran ya tsaya. Ashe mayosin a ratsin duhu yake zaune, aktin kuma shi ne siririn zaren da ya taso daga iyakar gaɓa ya kutsa tsakanin masu kaurin. Sai suka riƙa ɗiga ATP kaɗan-kaɗan suna auna ratsin. Na duhu bai canja ba. Na haske ne yake raguwa.

A daidai wannan lokaci, a Kambirij, Andrew Huxley (babu dangantakar jini tsakaninsa da Hugh, suna ne ya zo ɗaya) da Bajamushe Rolf Niedergerke suna auna zaren kwaɗo mai rai da wani madubi da Andrew ya ƙera da kansa, kuma abin da suka gani ke nan. Mujallar Nature ta buga takardun biyu a jere ranar 22 ga Mayu, 1954. Bayaninsu shi ne babu zaren da ke gajarcewa. Zaruruwan suna zamewa ne su shige tsakanin juna, kamar yadda mutum ke cusa yatsun hannun dama tsakanin na hagu.

Sauran bayanin ya zo a shekaru ashirin da suka biyo baya. Hugh Huxley ya nuna cewa mayosin yana da ƙananan kawuna da ke miƙewa su kama aktin. Aikinsu ya yi kama da na mai jan guga a rijiya: ya kama igiya, ya ja, ya saki, ya sake kamawa a gaba. Setsuro Ebashi na Japan ya gano furotin ɗin da ke tsare igiyar, wanda ba ya barin a kama ta sai kalsiyam ya iso, aka fahimci abin da Ringer ya gani a ruwan famfo. Wani abin mamaki shi ne, hannun mayosin yana buƙatar ATP kafin ya saki igiya. Wannan ya warware tambayar mahauci. Naman da aka yanka ɗazu yana da sauran ATP, tantaninsa da ƙarshen jijiyoyinsa ba su gama mutuwa ba, shi ya sa yake rawa. Idan ATP ya ƙare, kowane hannu ya riƙe igiya ya kasa saki, nama ya sandare. Laushin da ke biyo baya kuma ruɓewar farko ce, wasu sinadaran cikin naman suna yanka zaruruwan a hankali.

Ba a karɓi wannan bayani nan take ba, an yi shekaru ana jayayya. Hanson ta koma King's, ita da Jack Lowy suka bayyana fasalin zaren aktin a 1963. Ta zama farfesar nazarin halittu a 1966, aka zaɓe ta cikin Royal Society a 1967, ta shugabanci sashen binciken tsoka daga 1970. Ta rasu a watan Agusta na 1973 tana da shekara 53, sakamakon ƙwayar cutar da ke haddasa sanƙarau da ta shiga jininta, cutar da mutanen Arewa suka san ta fiye da mutanen Landan.

Yadda ɗakin gwaji ya iso ƙasar Dutse

A 1922, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a hukumance. Manufarta horar da malamai ce, kuma kimiyyar gwaji ba ta cikin ginshiƙan karatunta na farko. Lokacin da Hanson ke auna ratsi a MIT, Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya jaririya ce. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Oktoban 1962, shugabanta na farko Norman Alexander masanin fiziks ne, wanda ya gaje shi a 1966, Ishaya Audu, likitan yara ne. Shekaru da dama, yaron ƙasar Dutse, Ringim ko Haɗeja da ke son ganin ƙwayar halitta a matakin digiri sai ya kama hanyar Zariya.

A Zariyar ne kuma tsoka ta zama batun binciken gida. A shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson suka bi diddigin wata cuta da ke kama mata makonni bayan haihuwa: ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, zuciya ta faɗaɗa ta kasa tura jini. Yawanta a yankin Zariya ya kai kimanin mace ɗaya cikin haihuwa 100, adadin da ya fi na ko'ina a duniya a lokacin. Suka danganta ta da al'adun jego, wato wankan ruwan zafi, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa mai yawan gishiri. Bayani ne mai ma'ana, ya shiga littattafan likitanci na duniya, aka yi ta maimaita shi kusan shekara arba'in. Da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya sake aunawa, sai ya tarar da ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin yawancin masu cutar da ya bincika a Kano. Rajistar ƙasa da ya jagoranta, wadda aka buga sakamakonta a 2020, ta fi karkata ga rama, talauci da hawan jinin masu ciki fiye da wankan jego. An daɗe da sanin cewa ƙarancin seleniyam yana raunana tsokar zuciya a gundumar Keshan ta ƙasar Sin. Wannan ba ya rage darajar aikin Parry, wanda shi ya sa duniya ta san da cutar a nan. Yana dai nuna cewa abin da ya faru da ratsin duhu a Turai yana iya faruwa a Arewa: bayani ya zauna a littafi har a manta cewa ana iya komawa a duba.

Matakin da ya fi kusantar da madubi ga 'ya'yan talakawan wannan yanki shi ne na tsohuwar Jihar Kano. A 1977, ganin ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jiha, gwamnati ta kafa hukumar makarantun sakandaren kimiyya, ta fara da Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Ana tace ɗalibai da jarrabawa, a ba su malamai da ɗakunan gwaji da kayan aiki fiye da na sauran makarantu. An soki tsarin da cewa fifiko ne, amma likitocin da ya fitar sun cika asibitocin Kano da Jigawa. A farkon shekarun 1980 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wasu suka biyo baya a Kafin Hausa da Jahun. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda aka fi sani yanzu da nazarin fina-finai da adabin zamani, a kan waɗannan makarantu ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Sussex. Da aka ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, makarantun da ke ɓangarenta suka zama gadonta. Sai dai jihar ta yi shekara ashirin ba ta da jami'a ko ɗaya.

A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa sabbin jami'o'in tarayya tara, ɗaya a Dutse. Jami'ar jiha ta Kafin Hausa, wadda aka sa wa sunan Sule Lamido daga baya, ta biyo a 2013. Akwai abin lura a jerin shugabannin ta Dutse: na farko, Farfesa Jibrilla Dahiru Amin, likitan dabbobi ne, ta biyu, Farfesa Fatima Batul Mukhtar, wadda ta hau a 2016, masaniyar tsirrai ce, na uku, Farfesa Abdulkarim Sabo Mohammed, wanda ya karɓa a 2021, fanninsa sinadaran halitta ne masu hanzarta aiki, dangin mayosin ke nan. Dukkansu a bakin teburin gwaji suka tashi.

Amma an haifi jami'ar a lokacin da ɗakunan gwajin ƙasar ke cikin mawuyacin hali. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta domin tantance buƙatun jami'o'in gwamnati ya miƙa rahotonsa a 2012, kuma abin da ya bayyana ya kunyata kowa: ɗakuna cike maƙil, kayan aiki sun tsufa ko sun lalace, a wasu wuraren risho ake kunnawa a madadin murhun gas na gwaji, a wasu kuma malami ne ke faɗa wa ɗalibai sakamakon gwajin da ba su yi ba, su rubuta rahoto a kai. Rahoton na cikin abin da ya rura yajin aikin ASUU na Yuli zuwa Disamba 2013, wanda ya ƙare da alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida, alkawarin da ba a cika ba. Matsalar ma tun ƙasa take farawa. Ɗalibin da ya zauna jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, takardar madadin gwaji yake rubutawa, inda ake ba shi hoton abu a tambaye shi me zai gani da a ce ya duba. Yana iya shiga jami'a da kyakkyawan sakamako a nazarin halittu bai taɓa juya makunnin madubi ba. Darussan gwaji na aji ɗaya, BIO 107 da BIO 108, su ne damarsa ta farko, ga wasu kuma ta ƙarshe.

A nan ne tarihin tsoka yake da amfani ga mai tsara kasafin kuɗi. Ganin abin da Leeuwenhoek ya gani ba ya buƙatar komai sai madubin aji mai ƙara girma sau 400, allura biyu, ɗigon ruwan gishiri, da ɗan yankin nama daga mahauta ko cinyar fara, wadda ratsinta yake fitowa sarai. Gwajin Szent-Györgyi ya ɗan fi tsada amma ba ya fin ƙarfin sashe: zomo, gilisarin, 'yar kwalbar ATP. Ɗalibi zai tsinko zare siriri ya shimfiɗa a gilashi, ya auna tsawonsa da rula, ya ɗiga ruwan gishiri ya ga ba abin da ya faru, ya ɗiga ATP da gishirin ya ga zaren ya tsuke cikin ƙasa da minti ɗaya, ya sake aunawa. A darasi guda ya koyi awo, ya koyi kwatanta gwaji da abin da ba a taɓa ba, ya kuma ga mataccen nama yana aiki da sinadari. A Amurka kamfanoni na sayar da wannan a kwali ga makarantu. A Dutse ana iya haɗa shi a gida, da sharaɗi guda: firiza da ba za ta narke ba. Naman da ATP duka suna lalacewa idan sanyi ya yanke, kuma a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wutar da ta ɗauke kwana biyu ta isa ta ɓata tanadin zango guda.

Irin wannan buƙata ce tsarin kuɗin jami'o'i ya fi mantawa da ita. Asusun TETFund ya gina ɗakuna, ya sayi na'urori, ya tura malamai karatu, kuma duk wanda ya bi hanyar Ibrahim Aliyu a Dutse zai ga gine-ginen da idonsa. Kuɗin sinadarai, gilasan shimfiɗa, man janareta, batirin sola da gyaran madubin da ƙura ta shiga, waɗannan daga kuɗin gudanarwa na yau da kullum suke fitowa, kuma ba a yanka musu zare a gayyaci gwamna. Haka batun mutane. Aikin da Hanson ta yi shekara huɗu tana yi, a jami'o'inmu yana wuyan mataimakan malamai da ma'aikatan ɗakin gwaji, alhali ƙarin girma da yawan takardun da aka wallafa ake auna shi. Malamin da ya ɓata yammacinsa yana raba ɗalibai ɗari uku rukuni-rukuni domin kowa ya sami leƙa madubi, bai ƙara ko maki ɗaya a fayil ɗinsa ba. Tsarin da ya saka wa mai rubutu ya ƙyale mai nunawa bai kamata ya yi mamaki ba idan ya yaye masu haddace zane.

Akwai ma wani gefe na harshe da gwaji ke warwarewa. A Hausa kalmar jijiya tana ɗauke da hanyar jini, da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Ɗalibin da ke tunani da Hausa yana karatu da Turanci yakan cakuɗa su ukun a ransa har ranar da zai buɗe cinyar kwaɗo ya ga kowacce daban. Bambancin yana da nauyi a asibiti. Ƙafar yaron da shan inna ya kama tana shanyewa ne saboda ƙwayar cutar ta kashe jijiyar saƙo a cikin laka, tsokar da ba ta samun umarni kuma sai ta rame. Jinin da ke ɓalle wa mace bayan haihuwa, mafi yawan lokuta tsokar mahaifa ce ta kasa matsewa ta toshe hanyoyin jini, shi ya sa ungozoma ke murza mara ana kuma yin allurar da ke sa mahaifa ta tsuke. Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, yana karɓar irin waɗannan mata daga ƙauyukan tsakiyar Jigawa dare da rana.

Yanzu Jami'ar Dutse tana da kwalejin likitanci, kuma asibitin Rasheed Shekoni, wanda ke ɗauke da sunan kantoman sojan da ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1998, ya koma hannun gwamnatin tarayya ya zama asibitin koyarwarta. Matan da ciwon zuciyar bayan haihuwa ya kama a Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu suna cikin waɗanda za a riƙa kawowa can, kuma tambayar da Karaye ya taso da ita, ta abin da ƙarancin seleniyam ke yi wa ƙwayar tsokar zuciya da ko ƙara shi zai ceci rai, tana buƙatar masu auna jini, masu auna ƙasar noma da hatsin da ake ci, da masu duba nama a madubi. Waɗanda za su yi wannan aiki nan da shekara goma suna aji ɗaya yanzu, suna rajistar BIO 107.